Rupi Biyar da Ana Sha Biyu: 'Yan'uwa Uku da Garejin da Aka Haramta Zancen Mace

Assalamu alaikum, masu kallonmu, barkanmu da sake saduwa.

Dare ya tsala a birnin Bombay, wanda yau ake kira Mumbai, ruwan sama kuma kamar da bakin ƙwarya. A cikin wani gareji, bakanike ya jingina yana gyangyaɗi, domin shi ke da kwanan aiki a ranar. Sai ya ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Ko da ya buɗe, sai ga wata budurwa ta jiƙe sharkaf, tana rawar ɗari, ranta a ɓace, motarta ta mutu a hanya. Daga nan ne komai ya dagule wa wasu 'yan'uwa uku a fim ɗin Chalti Ka Naam Gaadi na shekarar 1958, wanda Satyen Bose ya ba da umarni. Ma'anar sunan ita ce, duk abin da ke tafiya sunansa mota.

Bari mu fara sanin masu gidan. Babban wa shi ne Brijmohan, tsohon ɗan dambe, mai ɗaure fuska, wanda maganarsa ɗaya ce a garejin. Mai bi masa Jagmohan, ana ce masa Jaggu, mutum ne mai sanyi da saurin ruɗewa. Sai auta Manmohan, wato Manu, mai rawar kai da waƙa. Babban yaya ya kafa doka: ba ruwan kowa da mace. Ba hira, ba kallo, ba a son ko ganin hotonta a bango. Ƙannen kuwa sun girma, sun isa aure, amma idan yaya ya yi gyaran murya sai kowa ya kama kansa.

Abin da ya sa nake matuƙar ƙaunar wannan fim shi ne, mutanen ukun nan 'yan'uwa ne na haƙiƙa, uwa ɗaya uba ɗaya. Ashok Kumar shi ya fito a Brijmohan, Anoop Kumar ya fito a Jaggu, Kishore Kumar kuma shi ne Manu. 'Ya'yan wani lauya ne na garin Khandwa, sunan gidansu Ganguly. An haifi Ashok a 1911, Kishore kuma a 1929, wato akwai shekara 18 a tsakaninsu. Wan da ya ba ka shekara goma sha takwas ai ya kusa zama uba. Saboda haka idan ka ga Manu ya sunkuyar da kai, ya haɗiye maganar da ke bakinsa don Brijmohan ya harare shi, za ka ji a jikinka cewa wannan kunya tun daga gida aka taso da ita. Duk wanda ya tashi a hannun babban wa mai tsare gida zai gane yanayin tun kafin a fassara masa kalma ɗaya.

Mu koma daren ruwan saman. Budurwar sunanta Renu, Madhubala ce ta fito a matsayinta. Manu ya ɗage bonet, ya shiga aiki, sai ya fara tsokanarta da waƙar nan da ta shahara, Ek Ladki Bheegi Bhaagi Si, wadda ke ba da labarin yarinyar da ruwa ya jiƙa ta fito cikin dare. Ku lura da hannunsa a wannan wuri. Sifana da guduma da sauran ƙarafan gareji su ne kayan kiɗansa: ya ƙwanƙwasa nan, ya buga can, duk a kan kari, yana leƙowa ta gefen mota yana komawa. Ita kuma tana matse gefen sarinta, tana so ta ci gaba da fushi, dariya na neman ƙwace mata. S. D. Burman ne ya tsara kiɗan, Majrooh Sultanpuri ya rubuta baitocin, Kishore ya rera da bakinsa, domin kafin komai shi mawaƙi ne.

An gama gyara, mota ta tashi, Renu ta ja abinta ta tafi ba ta biya kuɗin aiki ba, ta kuma manta jakarta a garejin. Kuɗin aikin rupi biyar ne da ana sha biyu. A tsohon lissafin kuɗin Indiya, ana sha shida ke yin rupi ɗaya, don haka ana sha biyu kashi uku ne cikin huɗu na rupi. Kuɗi ne ƙalilan, amma a kansu aka ɗora soyayyar fim ɗin gaba ɗaya, kuma a nan ne gwanintar marubutan ta fito. Manu ba shi da bakin da zai ce wa yayansa yana son ganin wata mace. Ko kansa ma bai iya faɗa wa hakan ba. Amma bin bashi ai halal ne, aikin gareji ne, yaya ma shi zai ce a je a karɓo. Sai bashin ya zame masa mayafi. Ya bi ta har wurin da take wasan rawa, aka hana shi shiga, ya shige motarta don ya jira, barci ya kwashe shi. A cikin mafarkinsa ma, ga shi ga Renu, tana yi masa zancen ƙauna, shi kuwa yana roƙo a ba shi rupi biyar da ana sha biyu kada yaya ya dake shi. Ya farka ya tsinci kansa a gidan mahaifinta da tsakar dare, yunwa ta kai shi ɗakin girki, aka farga da shi aka ɗauka ɓarawo ne, ya ranta a na kare.

Jaggu kuwa nasa abin tausayi ne da ban dariya a haɗe. Renu ta kira gareji cewa motarta na son dubawa, Brijmohan ya ƙi tura Manu, ya tura Jaggu don yana ganin shi ba zai karya doka ba. Jaggu ya je ya tarar da ƙawar Renu mai suna Sheela. Bakaniken da ya san cikin inji kamar yunwar cikinsa sai hannu ya kama rawa, baki ya bushe, ya yi ta neman ruwa yana sha, kofi bayan kofi, gyaran ya gagara. Anoop Kumar bai yi suna kamar 'yan'uwansa biyu ba, amma a wannan fitowar ya nuna cewa shi ma jinin gidan ne.

Irin wannan barkwanci na jiki ne: faɗuwa, karo, guje-guje, zare ido, mutum uku su juya kai lokaci guda. Akwai tsohuwar motarsu mai buɗaɗɗen sama, wadda suke ratsa titunan Bombay da ita suna waƙa suna matsa oda, kuma da ita Manu ya shiga tseren motoci ya ci. Ba ka buƙatar jin Indiyanci kafin ka yi dariya. Wannan na cikin abin da ya sa finafinan Indiya suka samu gindin zama a gidajen silima na Kano da sauran biranen Arewa tun daga shekarun 1950, tun ba a san da fassara ba: fuska da motsi da waƙa sun isar da saƙo.

To amma me ya sa Brijmohan ya tsani mata haka? A nan fim ɗin ya rage gudu, ni ma nan ne ya fi taɓa ni. Ashe mai dokar nan yana da hoton wata mace a ɓoye a ɗakinsa. Sunanta Kamini. Ya so ta, ta auri wani mai kuɗi, shi kuma ya ɗauka ta yaudare shi ne saboda abin duniya. Bai iya kuka a gaban ƙannensa ba, sai ya mai da ciwonsa doka, ya ɗora wa gidan duka. A ganinsa kare su yake yi kada abin da ya ci shi ya ci su. Ashok Kumar bai yi wasan nan da sigar mugu ba. Ko a tsawarsa akwai kulawa, kuma ranar da asirin hoton ya tonu, fuskarsa ta mutumin da ya daɗe yana ɗauke da kaya shi kaɗai ce.

Daga nan labarin ya juya zuwa na miyagu, kamar yadda finafinan lokacin suka saba, kuma ni a ganina wannan ɓangaren bai kai na garejin armashi ba. Wani Raja Hardayal, wanda K. N. Singh ya fito a matsayinsa, yana ƙulla yadda ƙanensa zai auri Renu don su wawure dukiyar mahaifinta. Aka kama Renu da Manu aka kulle, sai suka tarar da wata mata da ta daɗe a tsare a gidan. Ita ce Kamini, matar Hardayal, wadda ya aura don dukiyarta ya kuma ɓoye ta. Ta samu ta kuɓuta ta isa wurin Brijmohan, sai tsohon ɗan damben ya naɗe hannun riga, ƙannensa na biye. Aka tashi da aure uku: Manu da Renu, Jaggu da Sheela, Brijmohan da Kamini.

Fim ɗin ya yi kasuwa sosai, yana cikin waɗanda suka fi kawo kuɗi a Indiya a 1958. Bayan shekara biyu, a 1960, Kishore Kumar ya auri Madhubala da gaske. Tana fama da ciwon zuciya da aka haife ta da shi, ta shafe shekarunta na ƙarshe a kwance, ta rasu a 1969 tana da shekara 36. Wanda ya san wannan, idan ya sake kallon dariyarta a daren ruwan saman nan, sai jikinsa ya yi sanyi.

Autan shi ya riga yayyensa tafiya. Kishore ya rasu ranar 13 ga Oktoba, 1987, wadda ta zo daidai da ranar haihuwar Ashok. Anoop ya bi shi a 1997. Babban yayan ya rayu har zuwa 2001, kuma tun daga rasuwar ƙanen nasa bai ƙara yin bikin ranar haihuwarsa ba.