Tururuwar nan ba cin tsutsar suke yi ba

Kun ga bidiyon da ke yawo a WhatsApp daga Tawa har Yamai: koriyar tsutsa a ganyen magarya, tururuwa sun yanyame ta, mutane na ta rubuta "Allah sarki, za su cinye ta da ranta." Jama'a, ku adana tausayinku tukuna. Bari mu rage gudun hoton.

Ga uwar tsutsar. Ƙaramin malam-buɗe-littafi ne, ko ya baje fukafukai bai fi santimita 2 da 'yan kai ba. Namijin shuɗi-shuɗi ta sama, ta ƙasa fari da zane-zanen baƙi. Masana na kiran wannan ɗan rukuni Tarucus, reshe ne na babban dangin Lycaenidae mai iri wajen 6,000. A saka ƙwai a magarya ko kurna, a ƙyanƙyashe, tsutsa ta hau kankare ganye. Mu wuce.

To, yanzu ku zuba ido a bakin tururuwar. Cizo take yi? Ko kaɗan. Ƙahonninta biyu take kaɗawa a gadon bayan tsutsar, can kusa da ƙarshe. Akwai wata 'yar kafa a wurin. Ku ɗan jira... yauwa! Ɗigon ruwa ya ɓullo, ta shanye. Ruwa ne mai zaƙi, ga sukari ga sinadaran gina jiki. Tatsa ce tsagwaronta, irin ta Bafillatana da saniyarta. Mu maimaita a hankali: kaɗa ƙaho, ɗigo, sha. Wata ta matsa, wata ta karɓa.

Ita tsutsar me ta samu? Gadi. Akwai 'yan mitsi-mitsin zanzaro da ƙudaje masu saka ƙwai a jikin tsutsa, 'ya'yansu su riƙa cin ta daga ciki. Wannan ne ci da rai na gaskiya, kuma ba wanda ya ɗauki bidiyonsa ya yi kuka. Da zanzaro ko ƙuda ya matso, sai tururuwa su taso masa. Fatar tsutsar ma ta fi ta sauran tsutsotsi kauri, ko mai gadi ya fusata ya kai cizo, da wuya ya ji mata. Wajen kashi uku cikin huɗu na dangin Lycaenidae suna da wata hulɗa da tururuwa.

Ni dai in za a tausaya, tururuwa zan tausaya wa. A cikin dangin akwai Lepidochrysops, su ma 'yan Afirka. Wannan a ƙarƙashin ƙasa ake yin sa, sai dai ku saurara. Tsutsarsu takan fara da cin fure, daga baya tururuwa su ɗauke ta da kansu su kai ta cikin raminsu. Can za ta zauna tana cin 'ya'yan masu gida ɗaya bayan ɗaya, har ta girma ta yi fukafukai ta fito abinta.