Me Ya Sa Ake Rawar Sanyi a Ƙauyukan Mambila?

Akwai hotunan da ake ɗaukowa daga ƙauyukan tsaunin Mambila, a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, daf da iyakar Najeriya da Kamaru. Duk lokacin da irinsu suka zaga kafafen sada zumunta, aka ga yara sanye da rigunan sanyi da tsakar rana, ga hazo ya rufe garken shanu, sai gardama ta kaure. Wasu su rantse cewa ba Najeriya ba ce, wasu su ce har dusar ƙanƙara tana zuba a can, wanda ba gaskiya ba ne. Amma tambayar da ta fi yawa, kuma ta fi cancantar amsa, ita ce: ta yaya mutumin da ya hau tsauni, ya ƙara kusantar rana, zai fi wanda ke ƙasa jin sanyi?

Garin Gembu, hedikwatar ƙaramar hukumar, kusan a layi ɗaya yake da Legas idan aka auna nisansu daga tsakiyar duniya, layin nan da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, wato ya fi Abuja da Kano kusa da inda rana ta fi tsayawa a kan kai. Bambancin shi ne yawancin ƙauyukan Mambila suna zaune ne a tsayin kimanin mita 1,600 daga doron teku, kuma a wannan yankin ne dutsen Chappal Waddi yake, wanda ya fi kowane wuri tsawo a Najeriya, da mita 2,419. Matafiyi daga Jalingo yakan bi ta Bali da Serti, ya fara hawa daga Mayo Selbe, kafin ya isa Maisamari kuwa ya fara laluben rigar sanyi a jaka.

Batun kusantar rana mu sallame shi da wuri. Tsakaninmu da rana akwai kilomita kusan miliyan 150, hawan Mambila kuwa bai cika kilomita biyu ba, don haka babu wani kusanci da aka samu wanda ya isa a ambata.

Inda ake yin kuskuren shi ne zaton cewa rana ce take dumama iska kai tsaye. Hasken rana yana ratsa iska ne ya wuce, ba tare da ya bar mata wani zafi mai yawa ba, sai ya sauka a kan ƙasa da duwatsu da rufin kwano, su ne suke ɗaukar zafin, sannan su dumama iskar da take taɓa su. Zafin da muke ji a jikin iska daga ƙasa yake tasowa. Mai saurin fahimta zai ce, to ai kan tsaunin ma ƙasa ce, ita ma rana tana dukanta. Haka ne, kuma wanda ya tsaya a fili a garin Nguroje da ke kan tsaunin da azahar zai ji ranar tana cizon fatarsa sosai, amma da zarar ya koma inuwa ko gajimare ya gitta, sai sanyi ya kama shi nan take.

Dalilin yana cikin nauyin iska. Iska tana da nauyi, kuma wadda take ƙasa tana ɗauke da duk wadda take samanta, shi ya sa take a matse. A tsayin Mambila matsin ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida. Duk iskar da ta taso daga kwari ta hau tsauni, tana samun sarari ta buɗe, kuma wannan buɗewar da zafin jikinta take biyanta, don haka tana isa sama a sanyaye. Wanda ya taɓa sa yatsa a bakin bawul lokacin da mai faci yake sace iskar taya ya san wannan, domin iskar da ta fito daga matsi ta bazu, da sanyinta take fita ko da tayar ta wuni a rana. A bisa matsakaicin lissafi, duk mita 1,000 da aka hau zafi yana raguwa da digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyas. Hawan mita 1,500 ke nan yana cire kusan digiri 10, ta yadda ranar da ake fama da digiri 35 a gindin tsauni, a sama ana wajen 25. Da dare kuma, musamman a hunturun Disamba da Janairu lokacin da sama take wayam babu gajimare, ɗan zafin da ƙasa ta tara da rana yana tserewa da sauri, iska mai sanyi ta gangara ta kwanta a cikin kwaruruka, asuba ta yi tsanani. Wannan lissafin ne ya ajiye ƙanƙara a kan Kilimanjaro na Tanzaniya, mai tsayin mita 5,895, duk da yana gab da tsakiyar duniya. Mambila bai kai ko rabin wannan tsayin ba, saboda haka masu jiran dusar ƙanƙara a Gembu sai su ƙara haƙuri.

Ragowar abin da ake gani a ƙauyukan duk daga nan ya samo asali. Ga murhu a cikin ɗaki, ga masara an rataye a samansa hayaƙi yana busar da ita, ga itacen turare da aka dasa ko'ina domin wuta da katako. A ganina wannan hayaƙin da yara suke kwana suna shaƙa ya fi sanyin kansa cancantar a yi magana a kai, sai dai ba shi da kyau a hoto, shi ya sa masu ɗaukar bidiyo suke tsallake shi. Ƙarancin matsin iska har tukunya yake shiga, domin ruwa a can yana tafasa ne a wajen digiri 95 maimakon 100, wake kuwa sai ya ɗauki lokaci kafin ya nuna, ba laifin mai girki ba ne.

Masara, dankalin turawa, gwaza, ayaba da piya su ne amfanin gonar. A Kakara akwai gonar ganyen shayi, shukar da ba za ta rayu a zafin Sakkwato ba. Ƙudan tsando mai kawo sammore ba ya jure wannan yanayin, abin da ya sa Fulani suka zauna da dubban shanu tare da Mambilawa da Kaka da sauran ƙabilu, kuma abin da ya sa fili ya yi tsada har rikicin gona da kiwo yake tashi.

Iskar nan da take sanyaya yayin hawa ba ta iya riƙe danshin da ta ɗauko daga teku, dole ta sauke shi. Shi ya sa damina a Mambila takan kama tun wajen Maris ko Afrilu ta kai Oktoba, kuma daga waɗannan tuddan kogin Donga yake tasowa. Ku dubi hanyar shiga irin waɗannan ƙauyukan. Jan laka ce mai santsi, wadda a watan Agusta babu mai iya ta sai babur da tsofaffin motocin Land Rover, wani wurin ma sai an tsallaka da kwalekwale. Manomin da ya tara buhunan dankali a irin wannan ƙauyen yakan sayar da arha saboda kuɗin fitar da su, mai naƙuda kuwa a kan babur ake kai ta asibiti a Gembu.