Wai rufe asibitocin masu taɓin hankali ne ya zubo su titi?

[Bidiyon da ke yawo: mutane kwance gefen titi a Amurka]

Tun shekaranjiya ake ta turo mani bidiyon nan a WhatsApp, kuma maganar ɗaya ce, wai Turawa sun rufe asibitocin mahaukata shi ya sa suka watsu a titi, don haka mu ma a kwashe namu na Ƙofar Ƙaura da bakin kasuwa a kulle kawai. To jama'a ku ɗan dakata, akwai gaɓa ɗaya da ake tsallakewa.

[Tsoffin hotuna, gadaje jere]

A 1955 asibitocin jihohin Amurka suna riƙe da mutum sama da 550,000, wani ya shekara ashirin a ciki ba mai leƙo shi. A tsakanin nan ne maganin nan Largactil ya fito, ya fara kwantar da ciwon. A 1963 shugaba Kennedy ya sa hannu a doka: a gina ƙananan cibiyoyi kusan 1,500 a cikin unguwanni, don a riƙa sallamar mutane ana kula da su a can.

To nan ne wurin, ku saurara da kyau.

Sallamar an yi ta. Cibiyoyin kuwa wajen rabi aka gina, kuɗin da ake kashe ma mara lafiya a asibiti bai biyo shi gida ba, a 1981 kuma gwamnatin shugaba Reagan ta soke akasarin dokar da wanda ya gada, shugaba Carter, ya sa ma hannu don tallafa ma cibiyoyin. Duk da haka ba ranar da aka buɗe ƙofa suka faɗa titi ba fa, wasu dangi suka karɓa, wasu gidan tsofaffi, da yawa kuma suka kama ɗaki ɗaya-ɗaya mai arha a tsoffin otal, to waɗannan ɗakunan ne aka bi aka rushe aka yi gidaje masu tsada, shi ya sa sai a shekarun 1980 titi ya cika sosai.

Ka ɗauka ƙanenka ne. An sallamo shi garau da maganin wata ɗaya. Wa zai sai mashi na wata na biyu? Wa zai raka shi ganin likita? In magani ya yanke ciwo ya taso, mai gidan haya ya watso mashi kaya waje, shikenan ba makwanci, wanda ba ya da makwanci kuwa ina zai aje magani balle ya tuna lokacin sha. Kuma abin yana bi ta baya ma, ka kwana sati biyu a tasha ba barci, ga tsoro, ga yara na jifa, wallahi lafiyayye ma sai kanshi ya juye. Akasarin waɗanda kuke gani a bidiyon nan ma ba su da taɓin hankali mai tsanani, kuɗin haya ne ya gagare su.

[Taswirar Italiya, sannan Abeokuta]

Italiya ta yi dokar rufe nata asibitocin a 1978, amma a garin Trieste sai da suka tanadi cibiyoyi masu aiki dare da rana. Mu nan ma a 1954 Dakta Lambo na asibitin Aro da ke Abeokuta ya fara saukar da marasa lafiya a ƙauyukan kusa, kowa da ɗan uwanshi a tare. Ni dai wannan tsarin ya fi kwanta mani.

Mu asibitocin nawa ne ma balle a rufe? In ciwo ya yi tsanani ka ji ana maganar Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, ko Dawanau a Kano. Abin da aka rufe mana gidajen mari ne, Oktoba 2019, a Daura da nan cikin Katsina, kun tuna hotunan mutane da sarƙa a ƙafa. Rufewar daidai ce, ba mai raina da zai ga wannan ya yi shiru. Abin da ke hana ni sukuni shi ne bayan an kwance sarƙar, wa ya bi su gida da magani?

A Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Sati mai zuwa in sha Allah zan zagaya kemis-kemis na cikin gari, mu ji nawa maganin wata ɗaya yake.