Cika Harsashi da Hannu: Abin da Ya Raba Shi da Ɗurin Adaka

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa.

Wannan ɗan abu da kuke gani a tafin hannu kwanson harsashi ne da aka riga aka harba. A dajinmu idan an tsinci irinsa, yara ne ke busa shi kamar usur. Amma a Amurka da wasu ƙasashen Turai akwai mafarautan da ba sa yar da shi. Suna kai shi gida, su sake cika shi, su sake harbawa, sau da yawa. Wani dattijon maharbi daga yankin Anka ya ga hoton wannan aiki a wayar ɗansa, ya aiko mana da tambaya: "To ai mu ma haka muke ɗura adaka tun kaka da kakanni, mene ne sabo a ciki?" Baba, tambayarka tana kan hanya, kuma ita za mu bi yau daga farko har ƙarshe.

Mu fara buɗe harsashin mu gani. Abu huɗu ne a cikinsa. Kwanso na tagulla, shi ne gidan. A gindinsa akwai ɗan ƙaramin makunni kamar ƙwayar wake da aka raba biyu, wanda allurar bindiga ke duka idan an ja kunama. A ciki akwai albarushi. A baki kuma ƙwayar dalma, galibi sanye da rigar jan ƙarfe. In an harba, uku sun tafi: makunni ya ƙone, albarushi ya zama iska mai zafi, dalma ta kama hanya. Kwanso kaɗai ke saura, kuma shi ne ya fi sauran tsada. Daga nan tunanin sake cikawa ya samo asali.

Ba kowane kwanso ne ke yarda ba. Ƙaramin harsashin nan da ake kira .22 Long Rifle, wanda ya fito tun 1887, makunninsa a cikin leɓen gindi yake, allura na dukansa sai leɓen ya lotsa, shi ke nan ya gama aiki. Wanda ake sake cikawa shi ne mai makunni a tsakiyar gindi, wanda za a iya turo tsohon a sa sabo. Wani hafsan sojan Ingila, Edward Boxer, shi ya fito da tsarin da ya fi sauƙin canzawa a 1866, kuma har gobe da sunansa ake kiran irin wannan makunni.

Misalin da za mu riƙe shi ne harsashin .22 Hornet, wanda ya shiga kasuwa a Amurka a 1930. Faɗin dalmarsa bai kai milimita shida ba, nauyinta kusan giram uku, amma tana fita daga bakin bindiga da gudun mita ɗari takwas a daƙiƙa guda. An yi shi ne don ƙananan namun daji, irin waɗanda a nan za mu kwatanta da zomo ko dila. Ƙararsa ba ta da yawa, ba ya bugun kafaɗa, kuma ba ya dagargaza nama. Masu bindiga mai cin harsashi ɗaya suna matuƙar son sa.

Akwai dalilin da ya sa wannan sana'a ta fi kama jikin mai bindigar harbi ɗaya. Shi idan ya harba, da hannunsa yake buɗe bindiga ya zaro kwanson ya sa a aljihu, ba ya faɗawa cikin ciyawa ya ɓace. Sannan kwanson da aka harba a bindiga yakan buɗe ya ɗauki siffar cikinta daidai, kamar yadda takalmin fata ke bin ƙafar mai shi. Babban dalilin kuma shi ne wanda kowane mai adaka ya sani a jininsa: dama ɗaya gare ka. Barewa ba ta tsayawa ka sake ɗuri. Mai harbi ɗaya yana son ya tabbata harsashin da ya sa yau zai faɗa inda na jiya ya faɗa, don dabba ta faɗi nan take, kada ta tafi da rauni ta mutu a wahale cikin sarƙaƙiya. Wannan bukata, ni a ganina, ita ce zuciyar aikin. Rage kuɗi yana biyo baya ne.

Yanzu ku dubi teburin da ke cikin wannan hoto. Aikin a taƙaice shi ne a wanke kwanso, a duba ko ya tsage, a matse shi cikin wani ƙarfe ya koma girmansa na asali, a canza makunni, a auna albarushi, a dasa dalma. Faɗarsa minti ɗaya ne. Amma ku lura da abin da ya fi komai daraja a teburin: ma'auni. Ma'aunin nasu ba da giram yake lissafi ba, da wani awo ne da ake kira giren, kuma sai an tara giren goma sha biyar da ɗoriya kafin a sami giram ɗaya. Ma'aunin yana gane kashi ɗaya cikin goma na giren ɗin ma, wato abin da bai kai miligiram bakwai ba. Ƙwayar farasitamol da muke haɗiya miligiram 500 ce. Duk albarushin da ke cikin Hornet bai kai giram ɗaya ba, saboda haka ƙarin da ido ba zai gani ba ma yana iya canza komai.

A nan ne hanya ta rabu da adaka, Baba.

Adakarmu, wadda Turawa ke kira bindigar mutanen Denmak saboda fataken ƙasar da suka yi ta kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma, da baƙin albarushi take aiki. Shi wannan ana auna shi da cikin mazubi, kuma yana da ɗan haƙuri. Shi ya sa maharbi ke iya auna ɗurinsa da yatsu a jikin sandar ɗuri ya rayu shekara arba'in yana farauta. Albarushin harsashin zamani wani abu ne dabam. Wani Bafaranshe masanin haɗa sinadarai, Paul Vieille, shi ya samar da shi a 1884. Ba ya hayaƙi sosai, ƙarfinsa ya ninka na baƙin albarushi kusan sau uku, kuma halinsa shi ne mafi haɗari: yadda aka ƙara matse shi haka yake ƙara saurin ci, saurin cin kuma ya ƙara matsi. Iri-irinsa sun fi ɗari, wasu suna kama da juna a ido kamar gero da maiwa, alhali awon da ya dace da wannan zai tarwatsa bindiga idan aka yi shi da wancan.

Ku ji lissafin matsin. Ana auna matsi da wani awo da ake kira "bar". Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar iska kusan bar biyu da ɗan wani abu. Iyakar da hukumar gwajin bindigogi ta Turai ta sa wa Hornet, wannan ɗan mitsitsin harsashi, bar 3,000 ce. Duk wannan yana faruwa ne taƙi ɗaya daga idon mai harbi. Don haka masu cikawa da hannu a can ba sa ƙirƙirar awo da ka. Kamfanonin albarushi da na dalma suna gwadawa a ɗakunan gwaji da na'urar auna matsi, su buga littafi, mai cikawa ya bi shi layi bayan layi. A Amurka akwai ƙungiyar masu ƙera makamai da ke tsayar da waɗannan ƙa'idoji tun 1926. Kuma ƙarfen bindigar kansa an gwada shi da harsashin da ya wuce ƙima kafin a sayar.

Wa ya gwada bututun adaka? Da yawa maƙera ne ke yin su da bututun ruwa ko sandar sitiyarin tsohuwar mota. Ba raina maƙeranmu nake yi ba, hannunsu na da albarka, kuma abin da suka ƙera yana ɗaukar abin da aka ƙera shi dominsa. Amma na taɓa zama da wani maharbi a wani ƙauye tsakanin Zuru da Ribah, mutum mai natsuwa, wanda yatsu biyu suka rage a hannunsa na hagu. Ya fasa harsashin zamani da ya samu, ya juye albarushin cikin adakarsa da awon da ya saba, yana tunanin zai ƙara mata nisa. Bututun ya tsage daidai inda ya riƙe. Har yau idan na tuna yadda yake ɗaga kofin shayi da wannan hannu sai jikina ya yi sanyi. Don Allah, duk wanda ke da adaka ya riƙe wannan: albarushin harsashin zamani ba ya shiga cikinta, komai ƙanƙantarsa.

Ko a wurin masu kayan aiki cikakku ana samun haɗari. Mutum ya shagala da hira ya zuba awo biyu a kwanso ɗaya. Ko ya manta bai zuba ba sam, makunni kaɗai ya tura dalma ta maƙale a tsakiyar bututu, ya sake sa wani harsashin ya harba a kanta. Kwanson Hornet kuma siriri ne, kowane harbi yana ɗan miƙar da shi, wata rana sai ya rabe kusa da gindi, iska mai zafi ta dawo fuska. Alamar farko da kowane maharbi ya kamata ya sani, ko wace irin bindiga gare shi: idan ƙarar harbi ta fito a raunane ba kamar yadda ka saba ba, dakata, ka tabbatar bututu a buɗe yake kafin ka sake komai.

Sai maganar doka, kuma gajeriya ce. Dokar makamai ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1959, ta raba bindigogi gida uku. Na yaƙi sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na farauta irin na zamani sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Masu ɗuri ta baki irin adaka suna ƙarƙashin Kwamishinan 'yan sandan jiha. Ƙera harsashi ko harhaɗa shi ba tare da izinin hukuma ba laifi ne mai kai mutum gidan yari. Gwamnati tana da masana'antarta ta makamai a Kaduna, DICON, tun 1964. Abin da ya halatta ga manomi a Amurka bai halatta a Gusau ko Birnin Kebbi ba, kuma a halin da dazuzzukanmu ke ciki, wanda aka kama da tarin kwanso da albarushi zai sha wuya kafin ya gamsar da kowa cewa zomo yake nema. Shi ya sa ba ku ji na faɗi awo ko sunan albarushi ba, kuma ba zan faɗa ba.

Abu na ƙarshe ya shafi har mai adaka mai lasisinsa a aljihu: dalma. Mu mutanen Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani ba. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinari a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya aka gano Bagega ma. Dalmar da maharbi ke narkarwa daga tsohon batirin mota don yin ƙwayar harbi, ita ce dai wannan gubar. Ƙurarta tana sauka a ƙasar tsakar gida inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki, kuma babu wani adadinta da likitoci suka ce ba ya cutar da ƙwaƙwalwar yaro. Kada a narka ta a murhun girki ko a cikin gida, kada a taɓa amfani da tukunya ko cokalin da ta shiga wajen abinci, a wanke hannu da sabulu kafin a ci tuwo. Naman da aka harba kuma, dalma takan farfashe a cikinsa ta bar ɓurɓushin da haƙori ba ya ji. A yanke naman da ke kewaye da ramin harbin da faɗi a binne shi, musamman idan mai ciki ko ƙananan yara za su ci daga tukunyar.