Lambar da Ke Wuyan Riga: Lacca Kan Sayen Kaya ga Macen da Ta Haura Arba'in

(An kwafo wannan lacca daga faifan da aka naɗa a wani taron mata. Mai laccar malamar ɗinki ce. An bar maganar yadda ta fito, gaishe-gaishe kawai aka rage.)

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla. Iyayena da yayyena da ƙannena, sannunku da zuwa.

An ce in yi magana a kan sayen kaya a manyan kantunan da ke sayar da ɗinkakku, musamman ga mu da muka haura arba'in. Na ce "mu" don kada wata ta ce na tsame kaina. Abu huɗu na rubuto a takardar nan: awo, yadi, kuɗi, sai kuma launi. In Allah ya yarda za mu taɓa kowanne.

Kafin nan, tambaya. Wace ce a cikinku ta taɓa shiga ɗakin gwaji da riga mai lambar da ta saba sawa, zif ya hau rabi ya tsaya cak? Ku ɗaga hannu. Hajiya, ke da kike rufe baki da mayafi, na gan ki. (dariya) Kusan kowa ke nan. To me kika ce wa kanki a gaban madubin nan? Cewa kika yi, "Na lalace." Ba ki ce rigar ce ta lalace ba. Wannan kalma ita ta kawo ni yau.

Bari in ba ku tarihin lambar nan da ke wuyan riga, don in kun san inda ta fito za ta daina ba ku tsoro. Maza ne aka fara yi wa awon bai-ɗaya, saboda kakin soja. A yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, an bukaci kaki mai ɗimbin yawa cikin gaggawa, sai aka lura cewa in ka san faɗin ƙirjin namiji, kusan ka san sauran jikinsa. Shi ke nan, magana ta ƙare a wajensu. Da aka zo kanmu sai dabara ta ƙi. Mace biyu ƙirjinsu ɗaya, ƙugunsu daban, kwankwasonsu daban, tsayin bayansu daban.

A 1939 gwamnatin Amurka ta sa aka fara auna mata. Wata mata mai suna Ruth O'Brien da abokin aikinta William Shelton su suka jagoranci aikin, a ƙarƙashin ma'aikatar gona. Eh, ma'aikatar gona, ba kuskure na yi ba, a can sashen kula da harkokin gida yake a lokacin. Sun auna mata wajen 15,000, kowace an yi mata awo 59, suka fitar da rahoto a 1941. To amma su waye aka auna? Waɗanda suka kawo kansu, ana ba su ɗan abin hasafi, a zamanin da talauci ya yi wa ƙasar katutu. Kun ga mai wadata ba lallai ta zo ta tuɓe a auna ta don 'yan canji ba. Sannan awon fararen fata kaɗai aka sa a lissafi. Daga baya aka ƙara da awon matan da suka yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu, 'yan mata majiya ƙarfi masu atisaye. Da wannan haɗin aka fitar da awon hukuma a 1958.

Ku riƙe wannan. 'Yan mata sojoji. Ke kuma kin haifi biyar, kina shekara hamsin da biyu, kina tsaye kina jin kunyar ba ki shiga awonsu ba.

Kuma ko shi awon na 1958 bai daɗe ba. A 1970 aka ce wanda ya ga dama ya bi, a 1983 aka janye shi gaba ɗaya. Tun daga nan kowane kamfani da nasa mudun. Sai suka gano wani abu game da zuciyar mace: in ta shiga riga mai lamba 12 alhali ta saba da 14, daɗi take ji, kuma mai jin daɗi tana buɗe jaka. Sai aka riƙa faɗaɗa riga ana barin lambar yadda take. Shi ya sa in kika samu rigar kakarki mai lamba 14, kika ajiye ta kusa da 14 ta yau, za ki rantse ba uwarsu ɗaya ba. Ga kuma bambancin ƙasa da ƙasa. Abin da Ingila ke kira 12, Amurka 8 take ce masa, Faransa 40, Italiya 44. Jiki ɗaya, suna huɗu. To wanne ne naki?

Jikin mutane ma ya sauya, ba lamba kaɗai ba. A Birtaniya an auna mata a 1951, aka sake yin wani babban awo da na'ura mai ɗaukar siffar jiki, mutum wajen 11,000, sakamakon ya fito a 2004. Matsakaicin ƙugun mace ya tashi daga inci 27 da rabi zuwa inci 34. Ƙirji da kwankwaso sun ƙaru su ma, amma ba kamar ƙugu ba. Ma'ana siffar ce ta canza. A Amurka kuma masu bincike a wata jami'a ta jihar North Carolina sun duba awon mata sama da 6,000, suka tarar waɗanda ke da siffar nan ta ƙirji da kwankwaso daidai, ƙugu a tsuke kamar kalangu, wajen 8 ne kacal cikin 100. Takwas! Amma je ki dubi gunkin da ake rataya wa kaya a tagar kanti, ki gaya min siffar wa gare shi.

Yanzu bari in shigo da ku ɗakin yanka, nan ne sana'ata. Kamfani ba ya zana riga sau goma don lamba goma. Sau ɗaya yake zanawa, a kan lamba ɗaya, yawanci ƙarama ko matsakaiciya, a gwada a jikin mace guda da aka ɗauka aiki don haka. In ta zauna mata, sai a riƙa ƙara 'yan santimita a gefe da gefe ana fitar da sauran lambobin. Lissafi ne kawai. To shi jikin mace ba da lissafi yake girma ba. In kin ƙara ƙiba a ciki, kafaɗarki ba ta faɗaɗa, hannunki bai ƙara tsawo ba. Shi ya sa kike sayen rigar da ta rufe miki ciki, sai kafaɗa ta zubo, hannu ya rufe yatsu, ki fito kamar kin ari rigar mai gida. (dariya)

Kuma mu nan akwai abin da ke faruwa da mu wanda ba cin abinci ba ne. Al'ada takan ɗauke wa yawancin mata tsakanin shekara 45 da 55. Sinadarin jikin mace da ake kira istirojin yana raguwa, kitsen da a da yake zama a cinya da kwankwaso sai ya koma ciki. Wata ko kilo ɗaya ba ta ƙara a sikeli ba, amma siket ɗin bara ya ƙi rufuwa. Ƙirji ya ɗan sauka, damtse ya saki. Halitta ce. Mai yankan rigar ne bai yi lissafi da ke ba, don a kan 'yar shekara ashirin da wani abu ya gwada.

Na ga ana nuna min agogo. Ina ce muna kan na farko har yanzu? To.

Abin yi dai: ki sayi rigar da ta zauna a inda ya fi faɗi a jikinki, sauran ki kai wa tela ya rage. Ragewa abu ne mai sauƙi, ƙari ne aiki, don ɗinkakkun kayan kanti ba a barin yadi a cikin ɗinki. Kuma kafaɗa ake fara dubawa. In kafaɗa ba ta zauna ba ki ajiye rigar, gyaranta ya fi komai wuya da tsada. In kin shiga ɗakin gwaji, ki shiga da lamba biyu ko uku. Ki zauna a kujera da rigar, ki ɗaga hannu, ki sunkuya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In lambar tana ɓata miki rai, almakashi na nan, ki yanke ta. Ni duk rigunana babu mai lamba, ku zo ku duba.

Na biyu, yadi. Wannan da sauri. A cikin kowace riga, wajen ɗinkin gefe, akwai wata 'yar farar takarda da ke faɗin abin da aka saƙa yadin da shi. Ita ya kamata mu riƙa karantawa. Na sani, rubutun ƙanana ne, kuma daidai lokacin da muke bukatar karanta shi ne ido ya fara neman tabarau. Ki tafi kanti da tabaranki, ba abin kunya ba ne. In kin ga foliyesta ɗari bisa ɗari, ki sani daga man fetur aka yi shi, dangin roba ne. Wasu Turawan Ingila biyu suka ƙirƙiro zaren a 1941, yau fiye da rabin zaren da duniya ke samarwa shi ne. Yana da ƙarko, ba ya yamutsewa, amma ba ya shan gumi. Wadda zafin nan ke taso mata farat ɗaya, daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya karyo mata ana tsakiyar taro, ta san abin da nake nufi. Auduga da lilin suna shan gumi, iska na ratsa su. Biskos daga ɓargon itace ake yin sa, yana da sanyi da zubi mai kyau, sai dai yakan tsuke a wanki. Ɗan zaren roba kaɗan, irin Lycra, kashi biyu ko uku cikin ɗari, yana sa wando ya bi jiki ba tare da ya shaƙe ki ba. In ya yi yawa kuma sai ya tona duk abin da kike so ya rufa.

Na huɗu... a'a, na uku ko? Kuɗi. Ku fahimci yadda kantunan nan ke cin riba. Kamfanin Zara ya buɗe kantinsa na farko a 1975 a Sifaniya, kuma abin da ya shahara da shi shi ne sauri: daga zane zuwa rataya a kanti 'yan makonni. Ana kawo kaɗan, ya ƙare, a kawo wani, don ki ji in ba ki saya yau ba kin rasa. H&M ta fara a Suwidin a 1947, sunanta na farko Hennes, wato "nata", kayan mata zalla. Primark ta fara a Dublin, babban birnin Ireland, a 1969, ita araha ce makaminta. Ban ce kada ku shiga ba, ni ma ina shiga. Amma araha ba ta ado, kuma wani ne ke biyan ragowar. Ranar 24 ga Afrilu 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a Bangaladash, mutum sama da 1,100 suka mutu, yawancinsu mata masu ɗinka wa manyan kantunan duniya kaya. Ni mai zaman keke ce, abin nan bai taɓa barin raina ba.

Lissafina mai sauƙi ne. Raba kuɗin riga da yawan sawar da za ki yi mata. Wadda kika saya da rangwame kika sa sau biyu ta fi tsada a kan wadda kika ciji yatsa kika biya, kina sawa shekara biyar. Kuma don Allah, don Annabi, a daina sayen rigar "in na rame". Wace ce ke da irinta a durowa? Har da takardar kuɗin a jiki? (dariya) Tana rataye tana hararar ki kullum safiya. Ki ba ƙanwarki.

Sai launi. Na'am? Akwai tambaya? A miƙa mata abin magana.

(Wata daga cikin mahalarta: Malama, ni yanzu ta waya nake saye, 'yata ke yi min oda. To babu ɗakin gwaji, kuma rabin abin da ya zo sai an mayar. Yaya zan yi?)

Yauwa Yaya, Allah ya yi miki albarka, kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Wadda ke saye ta intanet ita ta fi kowa bukatar mantawa da lamba. Kowane kanti na kirki yana da jadawalin awo a shafinsa, da santimita ko inci. Shi za ki bi. Amma sai kin san naki awon, kuma yawancinmu awon da muke riƙe da shi a ka na shekara goma da suka wuce ne. Ki sake awo duk bayan wata shida, ki rubuta a waya.

Ga wata dabara da ta fi wannan. Ɗauko rigar da kika fi jin daɗinta a duniya, wadda in an wanke kike jira ta bushe. Shimfiɗa ta a gado, ki auna daga hammata zuwa hammata, daga kafaɗa zuwa kafaɗa, daga wuya zuwa ƙasa. Wasu kantunan suna rubuta awon rigar kanta, ban da na jiki, sai ki gwada da naki. Ki duba kuma tsayin yarinyar da ke sanye da kayan a hoto, sau da yawa suna rubutawa. In sun ce santimita 178 ce, ke kuma 158, rigar da ta tsaya mata a gwiwa ke a ƙwauri za ta sauka miki. Ki karanta abin da waɗanda suka riga ki saye suka rubuta, in mutum biyar sun ce tana matse hannu, ki yarda da su. Kuma ki ce wa 'yar taki ta duba ƙa'idar mayarwa kafin ta biya, don wasu kantunan yanzu suna cire kuɗi in an mayar.

Wajen awon ma ana kuskure. Ƙugu ba inda wandonki ke zama ba ne, sama da cibiya yake kaɗan, inda jiki ke lanƙwasa in kin karkata gefe. Kuma ba a riƙe numfashi. Na san ku, da an zagayo da tef sai a haɗiye ciki, tela na gani yana shiru. Wa kike yaudara? (dariya)

Bari ma in nuna muku, ai na zo da tef a jaka. Launin mu bar shi sai wani zaman, in an sake gayyata ta. Yaya, taso ki zo nan gaba. Kada ki damu, ba zan faɗi lambar da ƙarfi ba. Mai ɗaukar faifai, kashe abin nan tukuna.