Yadda ake ganin cikin ƙwayar halitta ta tsawo da faɗi da kauri

Assalamu alaikum. Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, madubin likita da ake duba jini da shi a asibitocin Garwa da Ngaundare da haske yake aiki, kuma haske ba ya iya rarrabe abubuwa biyu idan tazararsu ba ta kai nanomita 200 ba. Nanomita kuwa, milimita ɗaya ce aka raba gida miliyan. Wannan iyaka ce Ernst Ruska da Max Knoll suka buɗe hanyar ƙetarewa a 1931, lokacin da suka ƙera madubin da ke harba ilektron, wato 'yan mitsitsin ƙwayoyin wutar lantarki, a maimakon haske, a birnin Balin.

Sai dai ilektron ba ya ratsa abu mai kauri, don haka dole a yanka naman da ake son dubawa ya yi siriri, ƙasa da nanomita 100, kuma yanki ɗaya yana iya ruɗin mai kallo. Ku ɗauki ƙwayar sammore da ƙudan tsando ke sa wa shanunmu a Adamawa. Sashen da ake kira mitokondiriya, wanda ke samar wa ƙwaya kuzari, guda ɗaya ne tak a jikinta, dogo, ya bi ta daga wannan ƙarshe zuwa wancan, amma a yanki ɗaya ɗigo-ɗigo za ka gani a warwatse, kamar wanda ya sare naɗaɗɗiyar igiya da adda, ya dubi bakin saran, ya rantse igiyoyi goma ne.

Maganin haka shi ne a jera yanka a kan yanka. Ana fara kafe naman da sinadari, a rina shi da ƙarfen osmiyom domin fatar kowane sashe ta fito, sannan a binne shi cikin roba mai tauri. A 2004 Winfried Denk da Heinz Horstmann suka sa wuƙar lu'ulu'u a cikin madubin kansa: a ɗauki hoton fuskar robar, wuƙa ta aske gomman nanomita, a sake ɗauka, haka har sau dubbai, kwamfuta ta ɗora hotunan bisa juna. Wata dabarar da ƙarfen galiyom take kankarewa, ƙasa da nanomita 10 a kowane zagaye. Abin da aka aske ya tafi ke nan, kuma ku riƙe cewa ƙwayar matacciya ce, ba za a ga motsinta ba.

A ganina, wahalar yau ta koma wajen karanta hotunan. A 2024 masanan Jami'ar Harvard da na Google suka fitar da taswirar wani ɗan guntun ƙwaƙwalwar mutum, wanda jimillar girmansa ta yi kusan ta ɗan dunƙule mai milimita ɗaya ta kowane ɓangare, mai ƙwayoyi kusan 57,000 da mahaɗar jijiyoyi kusan miliyan 150, hotunansa suka cinye terabait 1,400, wato gigabait miliyan 1.4. Kwamfuta na bin kowace jijiya, amma takan haɗa waɗanda ba su haɗu ba, sai mutum ya zauna ya gyara. An buɗe waɗannan hotuna a intanet kyauta, saboda haka ɗalibin da ke Marwa ko Njamena zai iya shiga wannan aikin gyara ko da jami'arsa ba ta da madubin.