Ina Layin Farko Ya Shige? Abin da Ke Kayar da Gwajin Linux

Assalamu alaikum jama'a. Makon nan tambaya ɗaya ake ta aiko mini: kwamfuta ta tashi lafiya lau, manhaja na aiki, amma gwajin da ke duba tashinta ya yi ja, wato ya faɗi, wai bai ga saƙon kanel, wato zuciyar Linux, a rajistar saƙonnin kwamfutar ba. A sake gudanar da shi, sai ya yi kore, wato ya wuce. Wani har ya fara zargin aljanu.

Ku duba nan. Layi ɗaya gwajin ke nema, wannan mai farawa da "Linux version". Babu shi. Rajistar daga tsakiya ta soma, kamar wanda ya iso masallaci liman ya yi nisa da huɗuba.

To, a nan yawancinmu ke tuntuɓe. Muna zaton kanel cikin fayil take rubutu kai tsaye. A daƙiƙun farko ko faifan ajiya ba ta gano ba, balle fayil. Ɗan fili kawai take da shi a cikin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, kilobayit 128 a asali, sai in masu haɗa naka Linux ɗin sun ƙara.

Ku tuna ajin firamare: malam shi ne kanel, allo kuma ɗan filin nan. Malam na rubutu a allo, ga saurin hannu. In allo ya cika ba ya jiran kowa, sai ya koma sama ya goge layin farko ya ɗora sabo. Ɗalibin da ke kwafa a littafi shi ne journald, manhajar da ke adana rajista, shi kuma ba ya shiga aji sai systemd, mai tayar da sauran manhajoji, ya tashe shi. In ya iso kafin allo ya cika, ya samu komai. In ya makara, abin da aka goge ya tafi ke nan, ko dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin kanel, ba zai dawo da shi ba, don shi ma allon nan yake karantawa.

Shi ya sa yau kore, gobe ja. Tsere ne. Inji mai tarin na'urori surutunsa ya fi yawa, allonsa na saurin cika. In kuma wani ya kunna debug, mai ƙara yawan saƙonni don binciken matsala, ya manta, to sai dai haƙuri.

Shaida? Ku dubi lambar da ke farkon dmesg, wato lokacin da aka rubuta layin bayan kunnawa. In ba 0.000000 ba ce, an yi gogewa. Journald ma kan faɗa da bakinsa: "Missed", adadi, "kernel messages".

Af, masu cewa a saka wa kanel umarnin quiet, wato shiru, don Allah ku bari. Fuskar kwamfuta kawai yake hana wa surutu, malam na nan yana rubutunsa.

Wani lokaci kuma logrotate, mai sauya fayilolin rajista, ne ya mayar da tsohon fayil ɗin rajista na syslog gefe. Ku leƙa syslog.1 kafin ku ta da hankali.

Gyaran dai babban allo ne. A Debian ko Ubuntu, ku buɗe /etc/default/grub, a layin umarnin kanel ku ƙara log_buf_len=4M. Megabayit 4, ko hoto ɗaya a wayarka kan kai haka. Ni dai ban yarda da masu kashe gwajin don a huta ba, domin ran da injin ya ƙi tashi, layukan nan za ka nema ido rufe.

Sai a ba da umarnin update-grub don gyaran ya kama, a sake kunnawa. Mu jira... ga shi can sama, 0.000000, "Linux version". Kore.